Gyara da kula da babur mai ƙafa huɗu mai kujera biyu

Babur mai ƙafa huɗu da aka ƙera domin mutum biyu, irin su Can-Am Outlander MAX, Polaris Sportsman Touring da CFMoto CForce 520 L, ba na mutum ɗaya ba ne aka liƙa masa kujera. An ƙara masa tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya. A Outlander ƙarin ya kai kusan santimita 20, domin nauyin fasinja kada ya koma bayan aksul ya ɗaga kan babur. Amma inji, bel da birki kusan duk irin na mai kujera ɗaya ne. Ƙarin nauyin nan kuwa dole ya sauka a wani wuri, kuma wuraren da yake sauka sanannu ne: bel, shokazoba na baya, shaf-shaf na baya (sandunan da ke juya tayoyi) da birki. Idan aka haɗa da ƙurar hunturu da zafin bazara, an gama lissafin abin da ke kai yawancinsu gareji.

Kafin komai, ka saba da duba agogon awa da ke kan mita, ba kilomita ba. Babur ɗin da ya wuni yana zagaya gona a hankali zai iya yin awa 6 bai cika kilomita 40 ba, alhali inji ya sha wuya fiye da wanda ya miƙe hanya. Da awa ake lissafin juyen mai da sauran hidima.

Bel, inda kuɗi ya fi zurarewa

Waɗannan babura ba a canza musu giya ɗaya-biyu-uku. Fuli biyu ne da bel na roba a tsakaninsu. Fulin gaba yana kan inji. Idan ka ba da wuta sai ya matse, ya kama bel ya tura shi sama. Fulin baya yana buɗewa bel ya nutse a cikinsa. Haka gudu ke ƙaruwa. Matsalar tana wajen tashi da tafiyar hankali: a lokacin fulin gaba bai gama damƙe bel ba, yana gogarsa ne kawai. Idan giya tana H, wato giyar gudu, ga mutum biyu, ga yashi ko hawa, gogar nan takan yi tsawo har roba ta ɗau zafi ta ƙone a wuri guda.

Maganin kyauta ne. Duk tafiyar da ba ta kai kilomita 15 a awa ba, duk hawan tudu, duk jan tirela, duk shiga laka ko rairayi da fasinja, sa L, wato giyar ƙarfi. Mutane suna ƙin L saboda inji na ƙara, suna ganin mai ake sha. Man da za a ƙona bai kai rabin kuɗin bel ba. Kuma idan ka tsaya a kan gangare, birki za ka riƙe, kada ka tsayar da babur da totur. Idan taya ta kafe ba ta juyawa, saki wuta nan take. Daƙiƙa kaɗan sun isa su ci bel.

Bel yana ba da labari kafin ya tsinke. Warin ƙonanniyar roba daga gefen inji shi ne na farko. Fizga ko tsalle-tsalle wajen tashi na nufin an ƙona wuri ɗaya ya sirance, duk zagayowarsa sai ya yi tuntuɓe. Inji na ihu babur ba ya gaba, bel ne ke santsi, ko don ruwa ko don gefensa ya goge ya yi ƙyalli. Gudun ƙarshe ya ragu ba dalili, faɗinsa ne ya ci.

Wajen sauyawa, ajiye babur a wuri mai daidai, sa P (giyar fakin), cire makulli, bari inji ya huce. Kwance robar gefe da matakin ƙafa idan sun tare, sannan notocin murfin bel. Ka jera su yadda ka cire su, domin a wasu injina tsawonsu ba ɗaya ba ne. A Can-Am da yawancin CFMoto akwai rami mai zare a jikin fulin baya. Ka ɗaura dogon noti a ciki, yana shiga fulin na buɗewa har bel ya saki, sai ka murgino shi ta sama. Wasu samfuran da hannu ake tura rabin fulin a murɗa. Ko ta yaya, kada a sa sukundireba a banƙare bel. Fuskar fuli alminiyom ce, kuma ƙaramin zane a jikinta zai riƙa yankan kowane sabon bel da ka saka.

Auna faɗin tsohon bel ka kwatanta da sabo. Idan ya ragu da kusan milimita 2, ko ka ga tsaga tsakanin haƙoransa, ko zare ya fito a gefe, ya gama aiki. Hure baƙar ƙurar da ke cikin akwatin, ka rufe hanci. Goge fuskokin fuli da koren soson wanke tukunya, sannan ka bi da tsumma mai tsabta da ruwan wanke birki. Ba giris, ba mai, ba kananzir a wurin nan. Idan ka tarar da mai a cikin akwatin, sil ɗin inji ko na giya ne ya mutu, kuma sai an sauya shi kafin a sa bel, in ba haka ba asara biyu za a yi.

Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ya bushe sarai. Idan akwai kibiya a bayansa, ta kalli inda yake juyawa. Bayan ka cire dogon notin nan, juya fulin baya da hannu sau da yawa har bel ya hau bakinsa. Duba robar murfi ta zauna daidai kafin ka rufe. Kilomita 30 zuwa 50 na farko a bi shi a hankali, ana ƙara wuta ana ragewa, ba cikakken totur, ba kaya mai nauyi. Tsohon bel ɗin, idan bai tsinke ba, kada a yar. A naɗe shi a ajiye a akwatin babur tare da dogon notin, ranar da aka tsaya a daji zai mai da mutum gida.

Ƙura

Inji yana shaƙar ƙurar da tayoyi ke tayarwa, kuma wanda ke bin bayan wani a hanyar burji shi ya fi shaƙa. A lokacin hunturu, duba filtar iska bayan kowace doguwar fita ba wuce gona da iri ba ne.

Filta iri biyu ce. Ta soso ana wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a matse ta ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa har ta bushe, sannan a shafa mata man filta ya ratsa ko'ina, a matse rarar. Soso busasshe ba ya tare ƙura. Man ne ke kama ta. Kada a wanke da fetur, yana narkar da gam ɗin da ya haɗa sosan. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, kuma al'adar nan ta hure ta da iskar kwamfuresa tana huda ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A kaɗe ta a hankali, idan ta toshe a sauya.

Ga gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya: cire filta, ka zura farin tsumma cikin bututun da ke bayanta, wanda ya nufi inji. Idan ya fito da ja ko launin ƙasa, ƙura na wucewa. Nemi inda take bi, ko bakin filta bai zauna ba, ko kilif ya saki, ko murfin akwati ya karkace. Siririn giris a zagayen bakin filta yana toshe wannan kafa. Ƙurar da ta wuce takan cinye bakin bawul na shigar iska, bawul ya nutse, tazararsa ta rufe. Alamar ita ce babur ya riƙa wuyar tashi da safe, ana ta zargin batir da fulogi. Ana auna tazarar da inji a sanyaye. A injin Rotax mai silinda biyu na Can-Am, bawul na shiga milimita 0.06 zuwa 0.14 ne, na fita 0.11 zuwa 0.19. Kowane inji da nasa awon, kada a ara na wani. Idan an bar abin ya yi nisa, ringi ne ke biyo baya, sai hayaƙi da shan mai.

A ƙasan akwatin filta akwai ɗan tiyo mai toshe da ke tara ruwa da datti. A riƙa zubar da shi.

Juye da man giya

Sabon babur, ko injin da aka sake wa ringi, ana yi masa juyen farko tsakanin awa 10 zuwa 25, gwargwadon kamfani. Bayan nan yawanci awa 100 ne, amma a ƙura da zafi da ɗaukar mutum biyu, mai da shi awa 50. Man da ke ciki lita 2 zuwa 3 ne kacal, kuma shi ke ɗaukar duk zafin.

Kunna inji minti 3 ya ɗumama, kashe, share kewayen notin juye kafin ka kwance. Sauya filtar mai a kowane juye, ka shafa ɗan mai a robarta. Sa sabuwar washa. Notin juye a cikin alminiyom yake zaune. Ɗaurin ƙarfi irin na notin taya yana cinye zaren, gyaransa kuma ya fi juye goma tsada. Bayan ka zuba mai, kunna na minti ɗaya, kashe, jira kaɗan, sannan ka auna a wuri mai daidai. Wasu injina sai an ɗaura sandar awo har ƙarshe, wasu ɗora ta kawai ake yi, kuma bambancin ya isa ya sa ka cika mai ya wuce kima.

Polaris na son 5W-50, Can-Am 5W-40, CFMoto 10W-40 ko 15W-40. Abin lura shi ne injinan da kulocinsu ke wanka cikin man inji, kamar na Yamaha, Suzuki da tsofaffin CFMoto 500. Waɗannan sai mai mai tambarin JASO MA. Man mota na zamani yana da santsin da ke sa irin wannan kuloci zamewa. Idan man da ka juye ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. Idan yana warin fetur kuma yana ƙaruwa da kansa, kafireto ko injekta ke ɗiga.

Akwatunan aksul na gaba da na baya kowanne da mansa, tsakanin mililita 200 zuwa 500, galibi 75W-90 ko 80W-90, wasu na baya 75W-140. Fara kwance notin zubawa kafin na juyewa. Idan ka juye sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka zauna. Baƙin gari a kan maganaɗisun noti ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa alamar haƙori ko boris ne. Aksul na gaba na Polaris daban yake: ruwansa na musamman ne mai suna Demand Drive, kuma idan aka zuba masa man giya mai kauri, ƙafafun gaba za su daina kamawa yadda ya kamata.

Lagireto

Yawancin zafin inji ba daga cikin inji yake ba, laka da ƙaiƙayi ne suka toshe haƙarƙarin lagireto. Daga gaba sai ka ga kamar tsaf yake. Haska tocila ta baya. Inda haske bai ratso ba, iska ma ba ta ratsawa. Jiƙa shi, ka wanke daga baya zuwa gaba da tiyo mai sauƙin ƙarfi. Injin wankin mota yana kwantar da siraran ƙarafan, iska ta daina bi gaba ɗaya.

Ruwan sanyaya inji rabi-da-rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ba). Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri a cikin bututu. Bayan an sauya ruwa, ɗaga gaban babur, bar murfin a buɗe, kunna har fanka ta tashi, kana ƙarawa yayin da kumfa ke fita. Iskar da ta maƙale tana sa inji ya yi zafi ko da tanki a cike. Idan zafi ya hau fanka ba ta juya ba, fara da fis, sai rile, sannan ka ba fankar wuta kai tsaye daga batir ka gani. Kada a buɗe murfi inji na da zafi.

Bayan babur

Akwai takarda liƙe a jikin babur mai nuna iyakar nauyi. A Outlander MAX kilo 272 ne, kuma a ciki har da direba, fasinja, kaya da nauyin da tirela ke dannawa a ƙugiya. Maza biyu masu kilo 85 kowanne sun cinye 170. Buhun masara ɗaya mai kilo 100 ya ƙarasa sauran, kuma da yake kariyar baya, wato wurin ɗora kaya, tana bayan aksul, kan babur zai yi sauƙi ya ƙi bin kwana. Idan da fasinja, raba kaya, wani a kariyar gaba.

Shokazoba na baya suna da zobe mai matakai ko mai zare da ke ƙara wa sifirin tauri. Idan mutum biyu ne kullum, ƙara matakin. Ɗaga baya da jak, aikin zai yi sauƙi, kuma hagu da dama su zama mataki ɗaya. Shokazoba da ke jiƙe da mai, ko wanda ka danna ya yi ta lilo, ya mutu. A sauya biyun tare. Bayan babur idan ya zauna ƙasa yana dukan dutse, kuma duk ramin da aka faɗa, bushin da boris ne ke karɓar dukan.

Kowane shaf yana da robobi biyu masu lanƙwasa da ke riƙe giris a gaɓoɓinsa. Ƙayar aduwa, kututturen dawa da aka girbe da igiyar leda da ta naɗe duk suna yaga su. Duba su bayan kowace shiga daji, kana buɗa lanƙwasar da yatsa. Baƙin giris da ya fantsama a cikin wili shi ne shaida. Idan an kama da wuri, a cire shaf, a wanke gaɓar tas, a cika da baƙin giris na shaf, a sa sabuwar roba da kilif na ƙarfe, ba waya ko robar tif ba. Idan har ta fara ƙas-ƙas a kwana, yashi ya riga ya ci ta, sai sabon shaf.

Yayin da babur ke kan jak, kama taya sama da ƙasa ka girgiza: motsi a nan boris ne ko bol-join. Kama ta hagu da dama: a gaba, tayarod ne. Buga giris a duk kawunan giris na hannayen taya bayan kowace awa 25 zuwa 50, da kuma duk bayan shiga ruwa, har sai sabo ya turo tsoho waje. Kujerar fasinja ma a jijjiga ta a tabbatar ta kulle, a ɗaure notocin madafa da matakai. Wanda ƙafarsa ba ta kai mataki ba bai isa hawa baya ba, kuma direba da fasinja kowa sai ya sa hular kwanonsa.

Taya da birki

Iskar waɗannan tayoyi psi 5 zuwa 7 ce. Mai faci da ya saba da mota zai buga 30 idan ba ka tsaya a kansa ba, gejinsa ma ba ya karanta ƙasa da 10 daidai. Sayi ƙaramin geji na ƙarancin iska ka ajiye a babur. Taya mai iska da yawa tana tsalle, tana rasa riƙo, ƙaya kuma ta fi saurin huda ta. Bambancin psi 1 tsakanin hagu da dama ya isa ya sa babur ja gefe, a yi ta neman laifi a sitiyari. Tayoyin ba su da tif, don haka igiyar faci da ƙaramin famfo sun isa yawancin huji. Bayan an mai da wili, a sake bin notoci bayan fitar farko.

A kan kwalta a bar shi a ƙafa biyu, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, ba duka huɗun ba. Tayoyin baya na yawancinsu a haɗe suke juyawa, kwalta na cinye su, kuma ƙafa huɗu ko makullin aksul a ƙasa mai tauri yana murɗe shaf. A tsaya cak kafin a sa ƙafa huɗu. Sa shi tayoyin baya na wulwulawa yana karya haƙori.

Man birki DOT 4 ne, ana sauya shi duk shekara 2 domin yana shan danshi. Takalmin birki idan ya kai milimita 1 a sauya. Laka mai yashi tana iya cinye sabo cikin 'yan fitowa a damina. Hannun birki mai laushi iska ce a bututu. Wili ɗaya da ya fi sauran zafi bayan tafiya, ƙusoshin da kan birki ke zamewa a kansu ne suka kafe, a wanke su a shafa giris na birki.

Wuta da fetur

Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 zuwa 12.8 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki an ɗan ba da wuta. Ƙasa da haka, duba sokat ɗin wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da ke fitowa daga kwayil. Yakan ƙone ya narke. Sama da 15, regileta ce ta lalace kuma za ta dafa batir. Winci yana jan wuta fiye da abin da inji ke bayarwa, don haka a bar inji a kunne, a riƙa hutawa.

A masu injekta, idan ka murɗa makulli za ka ji famfon tanki ya yi zuu na daƙiƙa 2 ko 3. Shiru na nufin fis, rile ko famfo. Fetur ne ke sanyaya famfon, yawo da tanki a ƙasa yana gajarta kwanansa. Man 'yan bumburutu a tace shi kafin ya shiga tanki. Da kaka, a riƙa zare busasshiyar ciyawar da ke taruwa a kan salansa, domin tana kamawa da wuta.

Idan ya nutse

Babur ya mutu a cikin ruwa, kada a taɓa sitata. Ruwa ba ya matsuwa. Idan ya shiga silinda aka juya inji, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. A ja shi waje. A buɗe akwatin filta a zubar da ruwa, a cire fulogi, sannan a juya inji har ruwa ya daina fesowa ta ramin. A cire toshen da ke ƙasan akwatin bel, a ɗaga gaban babur salansa ya tsiyaye. A juye mai kafin a kunna. Bayan ya tashi, a bar shi minti 5, a sake juyewa, a maimaita da mai mai araha har sai ya fito ba fari, sannan a sa mai na gaske da sabuwar filta. Don busar da bel, sa N (babu giya) ka ba da wuta matsakaiciya na 'yan daƙiƙu sau da yawa, sannan ka gwada tashi a L. Man aksul biyu da na giya su ma a sauya su a ranar, domin ruwan da ya kwana a cikinsu tsatsa yake fara yi a boris.